Yadda na nemi kujerar alƙali da ƙuri'a a jihar Pensilvaniya

Ranar da na sanar da mahaifina ta waya cewa zan tsaya takarar alƙali, ya yi shiru har na zaci layin ya katse, sannan ya tambaye ni ko tun yaushe aka fara neman alƙalanci da ƙuri'a kamar kansila. Tambayar tasa ba ta ba ni mamaki ba, domin a Najeriya hukumar kula da harkokin shari'a ta jiha ce ke naɗa majistare, kuma mutumin da ya fito yana bin gida-gida yana roƙon a ba shi kujerar shari'a, sai a fara tababar hankalinsa ko niyyarsa. Na ce masa, "Baba, a nan haka dokarsu take." Ya ce to, Allah Ya zaɓa abin da ya fi alheri, amma in je in tambayi malamai tukuna.

A jihar Pensilvaniya ta Amurka, inda na shafe shekaru fiye da ashirin, duk alƙalan kotunan jiha zaɓensu ake yi, tun daga Kotun Ƙoli har zuwa ƙaramar kotun da ke ƙasa da kowa, wadda ita ce kotun majistare ta yanki. Jihar tana da gundumomi 67, kuma in ka ɗebe gundumar Filadelfiya mai nata tsarin na daban, kowace gunduma an yanka ta zuwa ƙananan yankunan shari'a, kowane yanki da alƙalinsa guda, jimillarsu kimanin 500. Wannan alƙalin shi ne ke sauraron ƙarar bashi da ba ta wuce dala 12,000 ba, da rikicin mai gida da ɗan haya, da laifuffukan tuƙi, da ƙananan laifuffuka irin su tayar da hankalin jama'a, da batun yaran da ke ƙin zuwa makaranta. Shi ne ke sa hannu a takardar izinin kama mutum ko binciken gida, shi ke yanke beli a karon farko, kuma ko a babban laifi kamar kisan kai, a gabansa ake fara zama domin a ga ko akwai hujjar da ta isa a tura shari'ar zuwa babbar kotun gunduma. Har aure yana ɗaurawa. Wa'adinsa shekara shida ne, kuma doka ba ta ce dole ya zama lauya ba: ya dai kai shekara 21, ya zama ɗan ƙasa mai rajistar zaɓe, ya zauna a yankin aƙalla shekara ɗaya kafin zaɓe, sannan in ba lauya ba ne ya yi kwas ya ci jarrabawa.

Ni ba lauya ba ne. Aikina shi ne taimakon sababbin zuwa su zauna da gindinsu, ina kuma yin tafinta a kotu idan an buƙaci mai jin Hausa, kuma ta haka na san wannan ƙaramar kotun ciki da bai. Na sha ganin yadda ake yanke wa iyali hukuncin tashi daga gida a zaman da bai kai minti goma ba, alhali uwar gidan ba ta fahimci cewa tana da kwana goma kacal na ɗaukaka ƙara ba. Ba na cewa alƙalan sun karya doka, domin yawancinsu ba su karya ba; abin da ya dame ni shi ne cewa mafi yawan mutanen da za su taɓa shiga kotu a rayuwarsu, wannan kotun kaɗai za su shiga, kuma da yawa suna fita ba su san me aka yi da su ba. Da alƙalin yankinmu ya bayyana cewa ba zai sake neman kujerar ba, sai na ga ƙofa ta buɗe.

Na bi umarnin mahaifina na je wurin limamin masallacinmu. Ya karanto mini hadisin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana Abdurrahman bin Samura neman shugabanci, sannan ya kawo labarin Annabi Yusufu da ya nemi a ɗora shi a kan taskokin ƙasar Masar domin ya san zai iya riƙe amanar. Ya ce mini a ƙasar da babu wata hanyar hawa kujerar sai ta takara, abin dubawa shi ne dalilin da ya sa mutum ke nema, kuma wannan ni kaɗai na sani. Bai ce in yi ba, bai ce in bari ba.

Na fara da kwas ɗin tun a 2022, ko da yake doka ta yarda mutum ya bari sai ya ci zaɓe, matuƙar dai zai samu takardar shaidar kafin ya hau kujera. Hukumar horar da alƙalan ƙananan kotuna ce ke shirya shi a yankin Harrisburg, babban birnin jihar, na tsawon mako huɗu, ana koyar da dokar laifuffuka, da dokar ƙararrakin jama'a, da ƙa'idojin karɓar shaida, da dokar ababen hawa, da ɗa'ar alƙalanci, a ƙarshe a rubuta jarrabawa. A ajinmu akwai tsofaffin 'yan sanda da yawa, kuma sun fi ni sanin dokar ababen hawa nesa ba kusa ba. Na ci jarrabawar, kuma na yi farin cikin yin ta da wuri, domin daga baya duk wanda ya tambaye ni yadda zan yi alƙalanci ba tare da karatun lauya ba, ina da abin nuna masa.

Ainihin takarar ta fara ne ranar Talata 14 ga Fabrairun 2023. Kafin sunan mutum ya hau takardar ƙuri'a ta zaɓen fidda gwani, dole ya kawo takardar neman tsayawa mai ɗauke da sa hannun masu zaɓe 100 'yan jam'iyyar da ke zaune a cikin yankin, kuma mako uku kawai aka bayar na tattara su, daga wannan ranar zuwa 7 ga Maris. Sa hannun da aka yi kwana ɗaya kafin a buɗe, ko bayan an rufe, ba ya aiki. Akwai kuma wani abu na musamman game da wannan kujerar: domin a nisanta ta daga siyasar jam'iyya, an yarda ɗan takara ya nemi tikitin Dimokurat da na Rifablikan a lokaci guda, ya kawo takarda biyu, kowace da sa hannun 'yan jam'iyyarta 100. Wanda ya ci duka biyun a watan Mayu ya gama, domin a babban zaɓen Nuwamba sunansa ne zai fito a ɓangarorin biyu. Saboda haka kusan kowa yana neman biyun, ni ma na ɗauki takardu biyu.

Na ɗauka wannan matakin zai zo mini da sauƙi, ganin cewa ranar Juma'a masallacinmu yana cika har waje. Bayan sallah na kafa tebur a farfajiya, mutane suka yi layi, kowa yana cewa, "Malam, kawo in sa maka." Sai da muka fara duba sunaye a jerin masu rajista da na karɓo daga ofishin zaɓe na gunduma, sannan na gane inda gizo ke saƙa. Da yawa ba su zama 'yan ƙasa ba tukuna, katin zama kawai suke da shi, kuma na hana su ko taɓa biron, domin wanda ba ɗan ƙasa ba ne idan ya sa hannu a takardar da ke cewa shi mai zaɓe ne, yana iya jawo wa kansa matsalar da za ta kai ga korarsa daga ƙasar. Waɗanda suka zama 'yan ƙasa, wasu suna zaune a ƙetaren iyakar yankin, wani ma titi ɗaya ne ya raba gidansa da yankina. Wasu kuma lokacin da suka yi rajista ba su zaɓi jam'iyya ba, suna ganin hakan ya fi zama lafiya, ba su san cewa a Pensilvaniya wanda ba shi da jam'iyya ba ya zaɓen 'yan takara a zaɓen fidda gwani ba, balle ya sa wa ɗan takara hannu. Daga cikin wannan taron duka, mutum tara na samu. Wani dattijo da na ce ba zai iya sa hannu ba ya ji haushi ƙwarai, ya ce, "Yanzu ni ne ban isa ba?" Na daɗe ina ba shi haƙuri, ina cewa, "Alhaji, wallahi kare ka nake yi."

Sauran sa hannun sai da na bi ƙofa-ƙofa cikin sanyin Fabrairu, daga tashi aiki zuwa lokacin da duhu zai hana mutane buɗe ƙofa ga baƙo. Na koyi ajiye biro biyu a aljihun ciki, domin tawada tana daskarewa. Kowane layi a takardar yana buƙatar mai zaɓe ya sa hannu, ya rubuta sunansa dalla-dalla, da lambar gida, da titi, da sunan ƙaramar hukumar da yake ciki, da kwanan wata, kuma duk da hannunsa. A nan ne tarkon yake, domin mutane da yawa suna rubuta sunan garin da ke kan adireshin gidan waya, wanda sau tari ba shi ne sunan ƙaramar hukumarsu ba. Wata tsohuwa 'yar Rifablikan ta tsayar da ni a bakin ƙofarta kusan minti ashirin tana tambayata daga ina nake, me ya kawo ni, ko na san alƙalin da zai sauka, sannan ta shiga ta ɗauko tabarau ta sa hannu a hankali, ta ce ba ta yi alkawarin zaɓena ba, amma kowa ya cancanci a ga sunansa a takarda. Ranar 25 ga Fabrairu, yayin da 'yan uwa a gida suke layin zaɓen shugaban ƙasa suna aiko mini da hotunan yatsa mai tawada, ni ina tsaye a barandar wani ina jiran ya ɗaure karensa.

A ranar ƙarshe na kai takardun ofishin zaɓe: sa hannu 168 na Dimokurat, 119 na Rifablikan. Tare da su akwai takardar rantsuwar ɗan takara, da takardar bayyana hanyoyin samun kuɗi da basussuka wadda dokar ɗa'a ta jiha ta wajabta, da kuɗin rajista dala 50 ga kowace takarda. Masu gogewa sun gaya mini tun farko in tara ninki biyu na abin da ake buƙata. A ɓangaren Dimokurat na kusa, a ɓangaren Rifablikan kuwa na gaji na ce goma sha tara a sama sun isa. Mu uku muka shigar da takardu: ni, da wata lauya, da wani tsohon ɗan sanda wanda ya yi shekaru yana aiki a garin. Bayan 'yan kwanaki aka kira mu jefa ƙuri'ar jerin suna, kowa ya zaro lamba daga cikin akwati domin a san wanda sunansa zai zo a sama. Abin kamar wasa, amma a zaɓen da yawancin masu jefa ƙuri'a ba su san 'yan takarar ba, zama na farko yana kawo ƙuri'u. Ni na uku na zaro.

Doka ta ba da kwana bakwai bayan rufe karɓar takardu domin duk mai ƙorafi ya kai ƙara babbar kotun gunduma. A rana ta bakwai aka kawo mini sammaci: wani mai zaɓe ɗan Rifablikan, wanda ban taɓa gani ba, yana ƙalubalantar layi 31 daga cikin 119. Ban yi zaton shi kaɗai ya zauna ya tsefe takardata ba, amma doka ba ta tambayar wanda ya aiko shi, kuma abin da ya yi yana bisa ƙa'ida. Na ɗauki lauya, wanda kuɗinsa ya zama kaso mafi girma na biyu a duk abin da takarar ta ci.

Zaman da aka yi a kotu ba zan manta da shi ba. Aka haska kwamfuta a bango, ma'aikaciyar ofishin zaɓe tana buɗe rajistar masu zaɓe ta jiha, ana kiran shafi da layi ɗaya bayan ɗaya, ana kwatanta sa hannun da ke takardata da wanda ke rajista. Shafi na biyu, layi na shida: mutumin ya sauya sheƙa zuwa wata jam'iyya a bara, ya manta, an soke. Layi na sha ɗaya: ta ƙaura zuwa wani gida ba ta sabunta rajista ba, an soke. Wasu mutum huɗu sun riga sun sa wa tsohon ɗan sandan hannu kafin ni, kuma mai zaɓe ba ya sa wa mutum biyu hannu a kujera ɗaya, saboda haka wanda ya riga shi ke da su. Wanda ya fi yi mini ciwo shi ne na wasu miji da mata, inda matar ta sa hannu ta cike layinta, mijin ya sa hannu, sannan ta karɓi biron ta rubuta masa adireshi da kwanan wata domin hannunsa yana rawa. Ina tsaye aka yi hakan, na ga abin a matsayin kyautatawa, ban hana ba. Alƙalin ya dubi rubutun ya ce hannu ɗaya ne, aka soke layin mijin. Lauyana ya ceto layi tara, aka soke 22, aka bar ni da 97. Saura uku in kai, amma babu ragi a wannan lissafin, aka cire sunana daga takardar ƙuri'ar Rifablikan. A hanyar komawa gida matata ba ta ce komai ba sai da muka kusa isa, sannan ta ce, "Maigida, da ka ƙara kwana biyu kana yawo." Gaskiya ta faɗa.

Daga nan takarata ta koma ɓangare ɗaya, kuma a nan na fuskanci abin da ya bambanta neman alƙalanci da kowace irin takara. Ƙa'idojin ɗa'a na alƙalan majistare sun shafi ɗan takara tun kafin ya ci, kuma biyu daga cikinsu sun ɗaure mini hannu. Na farko, ɗan takarar alƙali ba ya roƙon kuɗi da bakinsa, ba ya kuma karɓa da hannunsa. Sai dai ya kafa kwamiti mai shugaba da ma'aji su yi wannan aikin. Kotun Ƙolin Amurka ta amince da irin wannan hani a 2015, a wata shari'a da ta taso daga jihar Florida, bisa hujjar cewa alƙali ba ɗan siyasa ba ne ko da ƙuri'a ce ta kawo shi. Wani abokina akanta ya zama ma'aji, kuma sau da yawa a wurin taro mutum zai miƙo mini ambulan in janye hannu in nuna masa ma'ajin, abin da a al'adarmu yake kama da wulaƙanci. Dokar jiha ta hana karɓar kuɗin kamfani, ta hana karɓar tsabar kuɗi fiye da dala 100 daga mutum ɗaya, ta kuma wajabta a rubuta sunan duk wanda ya ba da fiye da dala 50 a rahoton da kowa zai iya gani, in ya wuce 250 a ƙara da sana'arsa da wurin aikinsa.

Dokar tarayya kuma ta hana baƙon da ba ɗan ƙasa ba, ba kuma mai katin zama na dindindin ba, ya ba da gudummawa a kowane zaɓe a Amurka, komai ƙanƙantarsa. Kawuna da ke kasuwanci a Kano ya kira ni ya ce ya ji labari, kuma zai turo nasa ta hannun wani ɗan canji. Na ce, "Kawu, Allah Ya saka da alheri, amma in kuɗin nan ya shigo, ni da ma'ajina za a kama." Ya ce ai ba ga takara ya bayar ba, ga ɗansa ya bayar. Na ce ko ta wace hanya ya biyo, in dai niyyar takara ce, laifin yana nan. Ya yi dariya ya ce wannan wace irin siyasa ce da ba a cin kuɗin kawu, ya ce to zai sa a yi mini saukar Alƙur'ani, na ce wannan kam babu dokar da ta hana.

Hani na biyu ya fi wuya. Ɗan takarar alƙali ba ya yin alkawari game da yadda zai yanke hukunci a irin shari'o'in da za su iya zuwa gabansa. Tun 2002 Kotun Ƙolin Amurka, a wata shari'a daga jihar Minnesota, ta ce ba za a hana ɗan takarar alƙali faɗin ra'ayinsa kan batutuwan doka ba, amma faɗin ra'ayi daban, ɗaukar alkawari daban, kuma tsakaninsu siririn zare ne. A wani taron da ƙungiyar unguwa ta shirya mana mu uku a ɗakin karatu na garin, wata mata ta miƙe ta ce an taɓa fitar da ita daga gida da 'ya'ya uku a tsakiyar hunturu, ta dube ni ta ce ta ji ni ne mai tausayin 'yan haya, in faɗa mata a gaban jama'a cewa ba zan kori uwa da 'ya'yanta ba. Ɗakin ya yi tsit. Na san amsar da za ta sa a tafa mini, kuma a zuciyata ina tare da ita. Abin da na ce shi ne ba zan iya yi mata wannan alkawarin ba, domin ranar da na yi shi, duk mai gidan da ya shigo kotuna ya san an riga an yanke masa hukunci. Abin da zan iya ɗauka shi ne babu wanda zai fita daga kotuna bai fahimci abin da aka yanke da abin da ya rage masa na haƙƙi ba, ko da sai an nemo masa tafinta. Ta zauna ba tare da ta gamsu ba, kuma ban ga laifinta ba. Bayan taron wani mai gidajen haya ya zo ya yi mini irin wannan tambayar ta ɗaya ɓangaren, na ba shi amsa iri ɗaya, shi ma ya tafi bai gamsu ba.

To me ya rage wa mutum ya faɗa a bakin ƙofa? Sunansa, da aikinsa, da takardar shaidarsa, da cewa zai yi adalci, wanda sauran biyun ma haka suke cewa. Shi ya sa a irin wannan zaɓen sanayya ke yin aiki fiye da hujja. Tsohon ɗan sandan ya koyar da 'ya'yan rabin garin ƙwallo, kwamitin jam'iyya na yankin kuma lauyar ya mara wa baya, saboda haka sunanta ne a katin da wakilan jam'iyya ke rabawa a bakin rumfunan zaɓe. Ni abin da nake da shi ƙafata ce. Muka ciro daga rajista sunayen waɗanda suka saba fitowa zaɓen fidda gwani a shekarun da ba a zaɓen shugaban ƙasa ko gwamna, waɗanda yawancinsu tsofaffi ne, muka ƙuduri ƙwanƙwasa kowace ƙofa sau biyu. Azumi ya kama ranar 23 ga Maris, rana kuma ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe bakwai, saboda haka sa'o'in da suka fi dacewa da samun mutane a gida su ne sa'o'in da maƙogwaro ya fi bushewa. Sau da yawa a cikin mota na sha ruwa da dabino, jerin sunaye a kan cinyata. Kuɗin da kwamiti ya tara ya tafi ne a kan wasiƙu biyu da muka aika gidaje, da allunan da ake kafawa a gaban gida, kowanne da rubutun da ke nuna wanda ya biya kuɗinsa kamar yadda doka ta ce.

Wani abin da ya sauya lissafi shi ne zaɓe ta gidan waya, wanda dokar 2019 ta buɗe wa kowa ba tare da sai ya kawo uzuri ba. Makonni kafin ranar zaɓe, na fara jin mutane suna cewa sun riga sun aika tasu, kuma wasiƙarmu ta biyu ta isa gidaje da yawa bayan sun gama. Mun kuma yi ƙoƙarin sa 'yan uwanmu marasa jam'iyya su gyara rajistarsu kafin 1 ga Mayu, ranar da aka rufe, wasu suka yi, wasu suka ce ba sa son a rubuta su a wani ɓangare.

Ranar Talata 16 ga Mayu aka buɗe rumfuna ƙarfe bakwai na safe. Na tsaya a rumfar da ta fi yawan masu zaɓe, ƙafa goma daga ƙofa kamar yadda doka ta iyakance, ina gaisawa da duk mai shiga, tsohon ɗan sandan yana tsaye kusa da ni yana yin irin abin da nake yi. Akwai lokutan da za a yi rabin sa'a babu wanda ya zo, sai mu koma hira, har ya kawo mini kofi da rana. Ƙarfe takwas na dare aka rufe, kuma kafin sha ɗaya sakamako ya bayyana a shafin intanet na gunduma. Na zo na uku a ɓangaren Dimokurat, ko da yake na ci rumfuna biyu na unguwannin 'yan haya. Tsohon ɗan sandan ya ci tikitin Rifablikan da tazara mai yawa, ya kuma ci na Dimokurat da ɗan ƙaramin rinjaye a kan lauyar, wato kujerar ta zama tasa wata shida kafin babban zaɓe. Da na haɗa ƙuri'una da na lauyar na ga sun fi nasa, kuma wasu 'yan jam'iyyar ba su ɓoye mini ra'ayinsu a kan hakan ba. Na kira shi a daren na taya shi murna, sannan na kira mahaifina, ya ce ai ya gaya mini Allah zai zaɓa.

Aiki bai ƙare da faɗuwa ba. Mun kwashe kwana uku muna bin tituna muna cire allunanmu, ma'aji kuma ya shigar da rahoton kuɗi na bayan zaɓe ranar 15 ga Yuni, ya biya ragowar kuɗin lauya da na maɗaba'a, sannan muka rufe kwamitin da asusunsa. A watan Janairun 2024 sabon alƙali ya hau kujera, kuma ba a daɗe ba aka kira ni tafinta a kotunsa, a wata ƙarar haya ta wani ɗan Nijar da ake binsa kuɗin wata biyu. Da na shiga, alƙalin ya sanar da ɓangarorin biyu cewa ni da shi mun yi takara a bara, ya tambaya ko akwai mai ƙorafi a kan in yi tafinta, babu wanda ya ce komai. Bayan ya yanke hukunci ya ce in gaya wa mutumin cewa yana da kwana goma na ɗaukaka ƙara, in kuma nuna masa a kan takarda ranar da kwanakin za su cika. Na juya na faɗa masa da Hausa, na sa yatsa a kan kwanan watan, shi kuma ya ciro wayarsa ya ɗauki hoton wurin.